Mai son sayen garmaho shi fara duba allura

Cikin ƙasar Kurfai, daga Filinge har Cikal, Luma da Tukunus, akwai gidajen da har yanzu ake iske fayafayan garmaho cikin tsohuwar adaka, ƙarƙashin tufafi. Tsoffin soja ne sunka kawo waɗansu. Waɗansu kuma ƴan cin rani sunka sawo su Kumasi, Abijan, Kano ko Legas, zamanin da saurayi ke son komowa gida da rediyo, ko keke, ko garmaho. Cikinsu akwai waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos, akwai kiɗin Gana da na Kwango. Da kaset ya shigo, cikin shekarun 1970 da 1980, sai anka aje garmaho har ya mutu. Masu shi da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Fayafayai sun saura, ba mai jin abin da ke cikinsu.

To, ga shi garmaho ya komo kasuwa. A Amurka, cikin shekara ta 2022, an saida faifan garmaho miliyan 41, faifan sidi kuwa miliyan 33. Rabon da a ga haka tun 1987. Shi ya sa kamfanoni sunka koma ƙera shi, babba da ƙarami, mai tsada da mai araha. Har kiɗin Nijar ya hau sabon faifai. Wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya ɗauko kiɗin Mamman Sani, wanda anka ɗauka a Yamai cikin 1978, ya buga shi bisa faifai cikin 2013. Ya buga na Mdou Moctar, da na ƴan matan Illighadad na jihar Tawa.

Saboda haka wanda ya gaji fayafayan ubanshi shina iya samun abin juya su. Amma shi yi hankali. Garmaho in ya lalace ana sayen wani. Faifan da anka buga shekara 50 da sunka wuce, in allura ta cinye shi, ba kantin da za a je a samo irinshi.

Yadda faifai yake

Faifan garmaho ya ci sunan faifan kaba da mata ke ɗinkawa, kuma sunan ya dace. Dukansu zagaye ne ake bi, layi bayan layi. Bisa faifan garmaho akwai ɗan kwari siriri kamar gashi, guda ɗaya tak, ya taso daga baki shina zagayawa har tsakiya. Cikin wanga kwari muryar take. Allura tana bin shi tana rawa, rawar nan ce ke zama sauti. Kwarin in ya goge, murya ta tafi ke nan.

Faifai iri uku ne, kuma lambar kowane tana rubuce a tsakiyarshi. Lambar tana faɗin sau nawa shike juyawa cikin minti ɗaya. Mai lamba 78 shi ne tsohon yayi. Shina da kauri da nauyi, in ya faɗi sai shi fashe kamar kasko. Mai lamba 33 ya fito cikin 1948. Faɗinshi santimita 30, kowane gefe shina ɗaukar wajen minti 20. Mai lamba 45 ya fito cikin 1949, ƙarami ne, waƙa ɗaya ko biyu ga kowane gefe. Waɗannan biyu na roba ne. Ba su fashewa da sauƙi, amma suna da taushi.

Kafin mutum shi fidda ko dala, shi buɗe adaka shi karanta lambobin. In fayafayanshi 78 ne, sai shi nemi garmaho mai lamba 78 a jikinshi, don da yawa cikin sababbin 33 da 45 kawai suke juyawa. Allurar 78 ma daban take, ta fi kauri. Tsohon garmaho na wani da hannu, mai allurar ƙarfe, na faifan 78 ne kaɗai. Wanda ya aza mishi faifan roba, sau ɗaya ya isa shi kashe faifan.

Mai araha da mai ɗan tsada

Ba a cika ganin garmaho ba a kasuwar Filinge ta ran lahadi. Sai an tambaya a Yamai, wajen kilomita 180, ko a Kano, ko a yi ma ɗan'uwa da ke waje saƙo. Masu kanti a Yamai sun fi sanin shi da sunan faransanci, turne-diski.

Mafi araha shi ne mai kama da ƙaramin akwatin tafiya, da lasifika a jikinshi. A Faransa ana samun shi wajen ero 60, wato kusan jika 40. Shina da kyan gani, ana buɗe shi sai kiɗa. Na gaba da shi, irin Audio-Technica AT-LP60X, shina kai ero 150 ko fiye, wato wajen jika 100, ban da kuɗin kawowa. Wanga kuɗin rago ne mai kyau. Kuma ba shi da lasifika, sai an haɗa shi da rediyo babba ko ampili. In akwai ɗan maɓalli a bayanshi mai rubutu biyu, PHONO da LINE, a tura shi wajen LINE kafin a haɗa da rediyo. In ba haka ba murya za ta fito ƙasa-ƙasa kamar ta mai mashasshara.

Bambancinsu na gaskiya shina ga hannun da ke riƙe da allura. Hannun mai akwati shina danna faifai da nauyin garam 5 ko 6. Na mai ɗan tsadar garam 3 da rabi ne, akwai ma masu garam 2. Don a gane: ƙwandalar dala ɗaya garam 3 ce, ta dala biyu garam 4, ta dala biyar garam 8. Abin kamar ba kome ba ne. Amma duk nauyin bisa tsinin allura shike sauka, wurin da ido ba shi gani.

Nan ne mutane ke yin babbar ɓarna. In allura tana tsalle, sai a ɗauko dala biyar a aza bisa kan hannun don ta zauna. Lalle tana zaunawa. Amma nauyin ya ninka ke nan, ko fiye, allura ta koma garma tana huɗar faifan. Tsallen allura dalili gare shi: ko faifan ya yi datti, ko ya lanƙwashe, ko teburin ya karkace, ko allurar ta ƙare. A gyara dalilin, a bar dala cikin aljihu.

Allura kuma iri biyu ce, ana rubuta sunanta bisa kwalinta. Wadda anka rubuta ma saphir tana aiki wajen awa 50, wato faifai babba 75 gaba da baya. Mai saurare awa ɗaya kowane dare, wata biyu ba su cika ba ta ƙare. Wadda anka rubuta ma diamant tana kai awa 300 zuwa 500, wata ma ta wuce haka. Allurar da ta ƙare ba ta fasa waƙa ba, shi ne mugun halinta. Tana waƙa tana yankan kwari. Alamarta ita ce murya ta riƙa shaƙewa da kaushi, musamman in an kusa tsakiyar faifai. Don haka tambaya ta farko ga mai kanti ita ce: ana canza allurar wanga garmaho? Ta biyu: ina ake samun ta? In ya yi shiru, mai saye shi kama hanya.

Wanda ƙarfinshi bai wuce mai akwati ba, ba a ce kada shi saya ba. Shi sa mishi allurar diamant, shi sayi ta biyu shi aje, kuma kada shi mai da faifan gado abin juyawa kullum.

Akwai kuma tsoffin garmaho na hannu na biyu, irin Teppaz da anka ƙera a birnin Liyon na Faransa, waɗanda sunka yi tashe cikin shekarun 1960. Kamfanin ya daɗe da rufewa. Robar cikinsu ta bushe, hannunsu da nauyi. Sai wanda ke da mai gyaran rediyo na amana shi taɓa su.

A gwada kafin a biya

Wutar Nijar bolt 220 ce. Ta Amurka 120. Garmahon da anka aiko daga can, in ba a rubuta 220 ko 240 a bayanshi ba, ana sa shi ga wuta shina ƙonewa. Ga ƙauyukan da wutar Nigelec ba ta kai ba, akwai ƙananan garmaho masu aiki da bolt 12 ko ƙasa da haka. Mai gyaran rediyo shina iya haɗa su da batirin hasken rana, in an nuna mishi lambar da ke rubuce a baya. Wanda ya yi karatun manya shi karanta lambar da idonshi, kada shi tsaya ga faɗar mai saidawa.

Mai saye shi tafi da faifai guda wanda bai damu da shi ba ƙwarai. Shi aza ƴar takarda a bakin farantin da ke juyawa, shi duba agogo, shi ƙidaya. In an sa lamba 33, takardar ta zagayo sau 100 cikin minti 3. In an sa 45, sau 45 cikin minti ɗaya. In ta gaza, ko tana sauri tana lafawa, igiyar robar da ke jan farantin ta saki. Zafi shina kashe wagga roba, gara a sayi ta biyu tun a kanti. Daga nan shi saurara: muryar mawaƙi ta tsaya daidai, ba ta rawa kamar ta mai jin sanyi.

Rana da ƙura

Ga watan afrilu da mayu zafin Filinge shina wuce awo 40. Faifan roba in an bar shi ga rana, ko kusa da rufin kwano, ko cikin mota a rufe, shina lanƙwashewa kamar tsohuwar fata, kuma da wuya shi miƙe. A jera fayafayai tsaye cikin kwalinsu, kada a tula su bisa juna. Ɗakin ƙasa ya fi musu ɗakin kwano.

Ƙurar hunturu kuwa rairayi ce. In ta shiga kwari, allura tana niƙa ta tare da faifan. Faifan da ya shekara 30 cikin adaka, a wanke shi kafin allura ta taɓa shi. Ruwan sama da anka tace ya fi ruwan rijiya, don na rijiya shina barin kanwa in ya bushe. A ɗiga sabulun ruwa kaɗan, a shafa da tsumma mai laushi ana bin zagayen, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Ban da kananzir, ban da fetur. Faifan 78 kuma kada alkol shi taɓa shi, shina narkar da fuskarshi. In an gama saurare a rufe garmaho da zane.

Ranar da anka fara juya tsohon faifai, a aje salula kusa da lasifika a ɗauki waƙar. Waɗansu garmaho ma suna da ramin USB na kwafewa kai tsaye. Daga nan yara su saurara cikin salula sau ɗari in suna so, faifan shi koma kwalinshi. A kuma sami littafi a rubuta abin da ke bisa takardar tsakiya: sunan mawaƙi, sunan waƙa, sunan kamfani da lambar faifai. Akwai Turawa da dillalansu da ke yawo Afirka ta yamma suna neman tsoffin fayafayai, kuma waɗansu suna tsada a can. In an zo taya na gida, mai shi ya riga ya ji abin da ke ciki, kuma sunan shina rubuce cikin littafinshi kafin a fara ciniki.