Baƙin da ke cikin tumbin rago

’Yan’uwa, mai yankan rago ya san tumbi, amma ba kowa ya san cewa gari guda ne cike da mazauna ba. A cikin ɗigo ɗaya na ruwan tumbi akwai ƙwayoyin halitta miliyoyi masu yawa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Rago, akuya da saniya ba sa iya narkar da kara da busasshiyar ciyawa da ƙarfin cikinsu. Waɗannan ƙwayoyin ne ke ruɓar da ciyawar, su fitar da abin da ke ba dabba mafi yawan ƙarfinta. Ita kuma ta ba su masauki mai ɗumi da abinci, tana tuƙa tana niƙa musu. Ɗalibanmu na Larabci za su gane sunan da masana suka ba wannan zama: takaful, daga asalin kalmar kafala, wato kowa ya ɗauki nauyin ɗan’uwansa.

To ga inda muke yin ɓarna. Idan layya ta matso, sai mutum ya sayi rago da ya saba da kiwon daji, ya cika masa kwano da gero ko ragowar tuwo, wai don ya yi ƙiba da wuri. Hatsi mai yawa farat ɗaya yana sa wasu ƙwayoyi masu yin tsami su rinjayi sauran. Tumbi ya yi tsami, masu narkar da ciyawa su mutu, rago ya daina tuƙa, ya kama zawo, wani ma kafin kwana biyu ya faɗi. Kuɗi sun tafi, dabba ta wahala a banza. A riƙa ƙara hatsi da dusa kaɗan-kaɗan cikin sati 2 zuwa 3, kuma kada harawa ta yanke. Haka nan kafso da ake ɗura wa dabba ba tare da malamin dabbobi ba, yana kashe masu amfanin tare da masu cuta.

Ita harawar ma da taimakon irin waɗannan baƙi ta samu. Ku tuge wake ko gyaɗa ku dubi saiwa, za ku ga ’yan ƙululai. A cikinsu ƙwayoyi ke zaune, suna kama naitirojin na iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, su mayar da shi taki, shuka kuma ta ciyar da su. Idan kun fasa ƙululun kuka ga cikinsa ja-ja, aiki na tafiya. Shi ya sa gero ke yin kyau a gonar da aka noma wake bara.