In Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Fom ɗin Harajinka

Kawuna yana sayar da katako da kwanon rufi a Kasuwan Magani, cikin ƙaramar hukumar Kajuru. Wata shekara ya sami labarin kwangilar kai bencina wata makaranta, aka ce sai ya haɗa da takardar shaidar biyan haraji. Muka shiga Kaduna, muka zauna a wani shagon kwamfuta. Yaron shagon ya cike fom, ya danna, sai wani jan rubutu ya fito a saman allo. Bai ko karanta ba ya ce, "Baba, sabis ne. Ku dawo gobe." Sau uku muna komawa, kowane zuwa da kuɗin mota. A zuwa na huɗu na ja kujera na karanta jan rubutun da kaina. Sabis lafiyarsa ƙalau. Abin da na'urar ke faɗa tun ranar farko shi ne sunan da aka rubuta bai dace da wanda ke jikin lambar harajinsa ba. A katin ɗan ƙasa an rubuta Muhammad, a rajistar haraji an rubuta Mohammed, kuma sunan mahaifinsa ya koma gaba, nasa ya koma baya.

Da na yi masa bayani sai ya riƙe haɓa ya ce, "To ai duk ni ne."

Gaskiya ya faɗa. A da, mai unguwa da dagaci ke bi gida-gida suna karɓar haraji, kuma sun san kowane magidanci da ubansa da gonarsa. Ko malamin haraji ya rubuta sunanka a karkace, an san kai ne. Wancan harajin na kai, tare da jangali, gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a tsohuwar jihar Kaduna a 1979. Mai karɓa na yau bai taɓa ganin fuskarka ba. Harafi da harafi yake gwadawa, lamba da lamba. Shi ya sa yawancin fom ɗin da ake dawowa da su ba a kan yawan kuɗi aka ƙi su ba. Ko dai na'urar ba ta gane wane ne kai ba, ko ba ta gane wace shekara kake magana a kai ba, ko kuma ka ƙwanƙwasa ƙofar da ba taka ba.

Bari mu fara da ƙofar. Harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, na jiha ne, kuma a nan hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kaduna, wato KADIRS, ke karɓarsa. Harajin kamfani na tarayya ne. Hukumar FIRS ce ke riƙe da shi a da, ita ce ta buɗe shafin TaxPro-Max a 2021, kuma bayan dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta koma NRS daga Janairun 2026. Inda mutane ke ruɗewa shi ne rajistar sunan kasuwanci. Wanda ya yi wa shagonsa rajistar suna kawai a hukumar CAC bai zama kamfani ba. Ribar shagon tasa ce, harajinta na jiha ne. Haka kuma jihar da kake zaune ita ke da haƙƙin harajinka, ba jihar da ofishinka yake ba, ba kuma garin da aka binne cibiyarka ba. Mai kwana a Jere yana aiki a Abuja, Kaduna zai biya. Ɗan Kagoro da ya kama haya a Mararaba, na Nasarawa ne. In ma'aikatarka ta tura kuɗinka wata jiha bisa kuskure, shafin Kaduna zai nuna maka ba ka biya ko sisi ba, alhali ana yankar albashinka kowane wata. Wannan ba a shagon kwamfuta ake gyara shi ba, sai a ofishin masu biyan albashi na wurin aikinka.

Akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe, domin shi ya fi jawo asara. Fom ɗin da na'ura ta ƙi karɓa, a idon doka ba a shigar da shi ba. Ba a rubuta maka ladan ƙoƙari. Mai ma'aikata yana da zuwa 31 ga Janairu ya miƙa bayanin albashi da harajin da ya cire wa ma'aikatansa a shekarar da ta wuce, mutum ɗaya kuma yana da zuwa 31 ga Maris. A sabuwar dokar, tarar rashin shigar da bayani naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Wanda ya danna ranar 30 ga Maris, ya ga jan rubutu, ya tafi gida da "sabis ne", agogo bai tsaya jiransa ba. Alamar an karɓa ita ce lambar shaida ko takardar amsa da shafin ke fitarwa. In babu ita, ba a gama ba.

Yanzu batun suna, wanda shi ne babbar gonar matsala a yankinmu. Sabon tsari ya ɗaure lambar harajin mutum da lambarsa ta NIN mai alƙaluma 11, kamfani kuma da lambar rajistarsa ta CAC. Dabara ce mai kyau, sai dai ta tono duk wani kuskure da aka binne shekaru da yawa. Mutum ɗaya Yohanna ne a takardar baftisma, John a takardar makaranta. Wata ta yi BVN da sunan mahaifinta, ta yi NIN da sunan mijinta. Sunayen Adara da Bajju da Atyap da Ham kuwa, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya jiyo masa: yau a ninka harafi, gobe a raba sunan gida biyu, jibi a sa masa ɗan layi a tsakiya. Ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ ma wasu shafuka ba su san ta ba, Ɗanladi sai ya koma Danladi kafin ya wuce. Sai ranar haihuwa. Dattawa da yawa da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba an ba su 1 ga Janairu a wani ofis, wani ofishin kuma ya ba su wata ranar dabam.

Maganin shi ne ka fito da takardar NIN ka ajiye ta a gabanka, ka kwafi abin da ke jiki daidai yadda yake, ko da ba haka kake son a rubuta sunanka ba. In kuskuren a rajistar haraji yake, ka nemi a gyara ta ta dace da NIN. In a NIN ɗin yake, sai ka bi ta hukumar NIMC, kuma gyaran can yana cin kuɗi da lokaci, don haka ba aikin makon ƙarshe na Maris ba ne. Abin da bai kamata ka yarda da shi ba shi ne shawarar nan ta gaggawa: "Bari kawai mu buɗe maka sabuwa." Ranar za ka ji daɗi. Amma ka zama mutum biyu a littafin hukuma, tsofaffin biyanka suna kan lamba ɗaya, sababbi suna kan wata. Takardar shaidar biyan haraji kuwa shekaru uku na baya take dubawa. Ranar da ka nema za a ce maka shekara ɗaya kawai aka gani.

Wani abin da ya same mu a wancan shagon, sai daga baya muka gane: yaron ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa a madadin na Kawu, wai don sauƙi. Duk lambar sirri da duk sanarwa can suke tafiya. Ban ce da mugun nufi ya yi ba. Amma yaro ne, watarana zai tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, ya bar ka da asusun da ba ka da mabuɗinsa. Ka sa layinka, imel ɗinka, ko na ɗanka da kuke gida ɗaya.

Masu makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da coci-coci masu biyan albashi, tasu matsalar a jadawalin Excel take. Shafin haraji yana ba da nasa jadawalin. A sauke shi a cike, kada a ƙara masa ginshiƙi ko a sauya masa kai. Excel yana da halin cinye sifilin farko na lambar waya, 0803 ta koma 803, kuma doguwar lamba yakan dunƙule ta ta zama wani abu mai harafin E a tsakiya, sai an gaya masa ya ɗauki gurbin a matsayin rubutu. Alamar naira ko waƙafi a cikin adadi kan sa a ƙi fayil ɗin gaba ɗaya. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana fara kwanan wata da wata, sai 5 ga Maris ta zama 3 ga Mayu. Layi ɗaya cikin hamsin ya isa ya hana sauran shiga.

Sai kuskuren lissafi, wanda ya fi haɗari domin sau da yawa na'ura ba ta ƙin sa, karɓa take yi. Wani ya sa albashin wata a gurbin na shekara. Wani ya sa abin da ya faɗo asusunsa na banki maimakon cikakken albashi kafin a cire komai. Wani ya ƙara sifili ɗaya ya wayi gari attajiri a takarda. Ga kuma ruɗanin shekara: bayanin da ake miƙawa a farkon shekara na kuɗin shekarar da ta wuce ne. Kuɗin da aka samu a 2025 tsohon tsari ke hukunta shi, mai rangwamen naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari, wanda harajinsa ke tashi daga kashi 7 zuwa 24. Daga kuɗin 2026 wancan rangwamen ya tafi. Yanzu naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, a haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An kuma kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma kada ya wuce naira 500,000.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya a wani asibitin kuɗi a Zonkwa mai albashin naira 150,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara. A ce an cire mata 144,000 na fansho, tana kuma biyan hayar 300,000, rangwamenta 60,000 ke nan. Saura 1,596,000. A ware 800,000 na farko, ya rage 796,000, kashi 15 nasa shi ne 119,400 a shekara. Wanda ya iya yin wannan a bayan ambulan kafin ya danna, zai gane nan take in shafin ya fitar masa da abin da bai yi kama da hankali ba. Kuma rangwamen haya ba da baki ake nemansa ba. Mu da muka saba miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu a kan amana, dole mu fara cewa, "Alhaji, a taimaka da rasit."

Akwai kuma kuɗin da aka biya amma bai bayyana ba. Galibi an biya ne ba tare da lambar biya da shafin ya fitar ba, ko an zaɓi wani nau'in haraji dabam, ko wata shekara dabam. 'Yan kwangila da masu kai citta daga Kachia ga manyan kamfanoni su kula da harajin da ake riƙewa daga kuɗinsu tun kafin a biya su: in wanda ya riƙe bai tura shi da lambarka ba, ba za a lissafa maka shi ba. Ka nemi takardar shaidarsa tun ciniki na da zafi. Kada kuma ka sake biya don kawai ba ka gani ba. Kai rasit ɗin ofis a daidaita. Tun dokar haraji ta 2016 jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu, don haka duk wanda ya ce ka ba shi tsaba ko ka tura asusunsa ya "share maka" jan rubutu, ka san abin da yake.

In fom ya riga ya shiga sannan ka gano kuskurenka, rubuta wa hukumar da kanka kafin ita ta gano, ka haɗa da hujja. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kuwa hukumar ce ta aiko maka da ƙiyasin harajin da ba ka yarda da shi ba, wannan wani babi ne: kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ka ka yi ƙorafi a rubuce, ka faɗi dalilinka da adadin da kake ganin shi ne daidai. Ka yi shiru wa'adin ya wuce, ƙiyasin ya zauna. In ba a sasanta ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na arewa maso yamma ke zama a Kaduna, kuma sababbin dokokin sun kafa ofishin mai sauraron koke-koken masu biyan haraji.

Ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba. Hukumar da ke son mutumin Kufana ko Idon ya cike fom ta intanet ta san yadda sabis da wuta suke a can, ta kuma san jan rubutun nan da Turancin ofis yake fitowa, gajere, ba ya faɗin wane gurbi ne ya lalace. Fassara shi zuwa Hausa ba zai ci kuɗin taya ɗaya ta motar ofis ba. Kafin a yi hakan, in shafin ne da kansa ya tsaya ana dab da wa'adi, ɗauki hoton allon yadda kwanan wata zai fito, ka rubuta wasiƙa, ka kai ofishin haraji mafi kusa, ka sa a buga hatimi a kan kwafinka.

Kawu dai ya sami takardarsa bayan an gyara sunan, amma an riga an ba wani kwangilar bencin. Yanzu yana da wata jakar leda a ƙarƙashin teburin shagonsa mai ɗauke da takardar NIN da rasit-rasit da kwafin wasiƙar mai hatimi, kuma tun cikin Janairu yake kirana a waya: "Ɗana, yaushe za ka shigo mu duba abin nan?"