Na'urar Biyan Kuɗi a Gaban Alƙali: Rubutun Da'awa Ke Raba Gardama

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da wuya ka taso daga Limawa zuwa Kasuwar Kure a Minna ba ka ga na'urar POS a teburin mai shago ba. A ƙasashen da ake ƙera irin wannan fasaha kuwa, an daɗe ana shari'a a kanta, kuma sau da yawa rigimar ma'anar kalma ce.

Kowace takardar mallakar fasaha tana da sashen da'awa, inda mai ƙirƙira ke zayyana abin da ya ce nasa ne. Kamar iyakar gona take: abin da ke ciki naka, na waje na kowa.

Wani Ba'amurke, Herbert Markman, ya ƙirƙiro tsarin bin sawun kaya a shagon wanki da guga, ta hanyar lambar da na'ura ke karantawa. Ya maka kamfanin Westview a kotu, ya ce ya shigar masa iyaka. Sai dai na'urar Westview rasit da kuɗi take lissafawa, ba ta bin tufafin kansu. Shin kalmar da Markman ya rubuta mai nufin "kayan da ke shago" ta tsaya a kan rasit da kuɗi, ko dole har da tufafi? Masu taya alƙali sun ba Markman gaskiya, alƙali ya soke, ya ce da tufafi a ciki, don haka Westview bai taka doka ba. A 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa fassara da'awa aikin alƙali ne.

Kamfanin Amazon ma ya samu takardar mallakar fasahar sayayya da dannawa ɗaya a intanet a 1999, kotu ta dakatar da kamfanin Barnes & Noble daga yin irinta. Sai suka ƙara dannawa ta biyu, ciniki ya ci gaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta janye takunkumin a 2001.

Abin da ya fi damuna shi ne namu na gida. Dokar Nijeriya ta 1970 kan mallakar fasaha ta ce da'awa ce ke auna faɗin kariyar, bayani da zane kuwa taimakawa suke wajen fassara ta. Amma magatakardan da ke rajistar fasaha a Abuja cikar takardu kawai yake dubawa. Ba ya binciken ko abin sabo ne. Takardar ta shekara 20 ce, gwamnati kuma ba ta lamunce ingancinta ba. Sai an je Babbar Kotun Tarayya ake sanin ƙarfinta.

Don haka matasanmu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, masu haɗa wa 'yan kasuwa na'urorin karɓar kuɗi, ku nemi lauyan da ya san fannin ya zauna da ku a rubuta da'awar tare, kafin ku kai takardunku Abuja.