Madubin Gefen Mota: Idon Direba A Hanyar Minjibir

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Minjibir ya san ƙauyuka da gonaki ne jere da juna, inda babura, kekuna da amalanke kan hau titi ba sallama. Wanda ya fi fuskantar haɗari shi ne mai babur da ya saje da gefen mota, direba bai gan shi ba.

Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, ta hagu ake wuce mota, amma masu babura sukan kutso ta ko'ina. Saboda haka madubi biyun nan kowanne da aikinsa.

Motoci da yawa suna da maɓallin lantarki na juya madubi. Kafin a tashi, direba ya daidaita kujera, ya jingina kansa da gilashin ƙofa, ya buɗa madubin hagu har jikin motar ya kusa ɓacewa. Sa'an nan ya karkato tsakiya, ya yi wa na dama haka.

A lura, madubin dama yakan mai da na kusa kamar na nesa, ƙurar hunturu kuma tana dusashe shi. Don haka kafin kauce hanya a waiga, domin waiwaye adon tafiya ne.