Bayani A Kan Takardar Da Ke Biyo Bayan Aikin Ciwon Daji Na Maza

 

Wannan bayani ne ga malamai da fatake na ƙasar Bagudo, tun daga Illo da Lolo har Ka'oje da Tsamiya, a kan ciwon daji da ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, da abin da ke biyo baya idan an yi wa mutum aiki. Shi ne dajin da ya fi kowane yawa ga mazan Najeriya, kuma akasari bayan shekara 50 yake tasowa.

A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata tsoka, girmanta bai fi na ƙaramin goro ba, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Likitoci suna ce mata furostet. A bisanta, ta bayan mafitsara, akwai 'yan jakunkuna biyu, dama da hagu. Su ke yin mafi yawan ruwan maniyyi, kusan kashi biyu cikin uku. Cikin tsokar dajin ke farawa. Idan likita ya ga ciwon bai bazu ba, sai ya cire tsokar ɗungurungum tare da jakunkunan. Wani likita a Amurka, Hugh Young, shi ya kafa irin wannan aiki a 1904.

To, abin da aka cire ba a zubar da shi. Ana kai shi ɗakin bincike, a yanka shi sili-sili, a duba da madubin likita. Sa'an nan a rubuta takarda, ita ce ke faɗin inda ciwon ya kai. In an rubuta T2, watau yana cikin tsokar bai fita ba. In T3a ce, ya huda fatar tsokar ya leƙo waje. In kuwa T3b ce, ya shiga jikin jakunkunan maniyyi. Yakan shige su ta bin 'yan bututun da suka haɗa su da tsokar, ko ya huda fata ya faɗa musu ta gefe.

Falke ya san bambancin kayan da ke cikin shago da kayan da suka ƙetare iyaka: na farko ana iya ƙirga su, na biyu ba a san hannu nawa suka shiga ba. Haka dajin da ya kai jakunkuna. Ko da an cire su tsaf, shigarsa alama ce ta cewa ciwon mai ƙarfin tafiya ne, kuma mai yiwuwa wasu ƙwayoyinsa da ido ba ya gani sun riga sun bi jini ko sun sauka a kaluluwa. Fiye da rabin masu T3b, alamar ciwon takan sake bayyana a jininsu cikin shekara 10. Amma kuma a lura: cikin waɗanda ake bibiya ana yi musu magani, mafi yawa suna wuce shekara 10 ɗin nan ciwon bai zama ajalinsu ba. Saboda haka takardar gargaɗi ce, ba ta yanke ƙauna ba.

Hukuncin bai tsaya ga jakunkuna kaɗai ba. Likita zai haɗa da abu huɗu. Na ɗaya, muguntar ƙwayoyin, wadda ake aunawa da ma'aunin Gleason, sunan likitan da ya tsara shi a 1966. 7 ta fi 9 sauƙi nesa. Na biyu, ko an sami ciwon a bakin inda wuƙa ta bi. Na uku, ko ya shiga kaluluwar da aka ciro. Na huɗu, awon jini da ake kira PSA. Tun da tsokar ce ke yin wannan sinadari, bayan mako 6 zuwa 8 da cire ta ya kamata a neme shi a rasa. In ya ƙi sauka, ko ya sauka ya dawo har ya kai 0.2, to akwai saura.

Saura kuwa yana da magani. Akwai gashi da hasken na'ura a gurbin da aka cire tsokar. Akwai allurar da ke rage sinadarin mazakuta, gama da shi dajin ke rayuwa, kamar yadda Charles Huggins ya nuna a Shikago a 1941. A 2020 aka buga sakamakon manyan gwaje-gwaje uku na Ingila da Faransa da Ostareliya. Sun nuna ga akasarin marasa lafiya, jira a yi gashi da zarar awo ya fara hawa bai gaza yin sa nan take bayan aiki ba, kuma wahalar fitsari ta fi sauƙi. Sai dai masu T3b ba su da yawa a cikin waɗanda aka gwada, shi ya sa likita kan gaggauta wa wanda ya haɗa ta da lamba mai muni.

Sharaɗin wannan jira ɗaya ne: awo a kan lokaci, da fari kowane wata 3 zuwa 6. Nan ne matsalar mutanen bakin iyaka take. Ga misali, dattijo an yi masa aiki a Sakkwato, fitsari ya daidaita, ƙarfi ya dawo. Sai ya ɗauki kaya ya bi ta Tsamiya ya shiga Segbana, daga can sai Kandi ko Malanbil, wata shida bai waiwayi asibiti ba. Dajin kuwa idan yana dawowa ba ya zafi da fari, awo kaɗai ke tona shi. Ran da ƙugu ko gadon baya ya fara ciwo, mai yiwuwa ya kai ƙashi, lokacin da gashi zai iya kawar da shi ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka mai wannan takarda ya adana ta yadda yake adana littafin bashi, ya riƙa rubuta ranar kowane awo da lambarsa, ko da ajami ne. In a Kwatano aka yi aikin aka rubuta da Faransanci, T3b ɗaya ce a can da nan, likitan Birnin Kebbi zai gane ta. Ana ganin likitocin mafitsara a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Ahmadu Bello a Shika.

Sauran magana ga malamai. Bayan aiki wasu kan yi yoyon fitsari, kunya ta hana su jam'i, har ta hana su komawa asibiti. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa yoyon da ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala, ga yawancin mutane kuma yana raguwa cikin shekarar farko. Liman da ya faɗi haka ga dattijon unguwarsa, ya kuma tuna masa ranar awo, ya yi aikin lada.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa kaffara ce. Allah shi ne Masani. Tamat.