Abin da ya kamata ku sani game da zanen Isenhaim

A ƙarnukan baya, coci-cocin Turai kan kafa manyan zane-zane na katako a bayan bagade, inda limami ke tsayawa. Cikinsu da wuya a sami mai tayar da tsigar jiki kamar wanda wani Bajamushe, Matthias Grünewald, ya yi daga 1512 zuwa 1516 don gidan 'yan zuhudu na ƙauyen Isenhaim, a yankin Alzas.

'Yan zuhudun nan mabiya Waliyyi Antoni ne, kuma gidansu asibiti ne. Suna jinyar wata cuta da ake kira wutar Antoni, wadda ake ɗauka daga cin burodin hatsin da funfuna ta kama. Mai ita yakan ji jikinsa na ƙuna, jijiyoyi su ɗaure, yatsu su yi baƙi su ruɓe, wani ma har ya riƙa gane-gane.

Wanda ya san haka zai gane dalilin da ya sa Grünewald bai ƙawata Yesu a kan gicciye ba. Fatar ta koma kore-kore, duk miki ne da guntayen ƙaya, yatsun hannu sun ƙandare sama, leɓe ya bushe. Majinyacin da ya ɗaga ido sai ya ga jiki irin nasa. A ganina gwanintar mai zanen ke nan: ya san waɗanda za su kalla, bai kuwa yi musu ƙarya ba.

Zanen yana da fukafukai da ake buɗewa kamar ƙofofin kabad. Ranakun yau da kullum a rufe yake, gicciyen ake gani a tsakiya. Ranar biki sai a buɗe, launuka masu haske su bayyana: albishir ga Maryamu, haihuwa, da tashi daga matattu bisa imanin Kiristoci. Can ciki kuma akwai sassaƙen Niklaus na Hagenau, da hoton aljanu sun yi wa Antoni taron dangi, ga wani a gefe da kumburarren ciki, jikinsa duk maruru.

A zamanin juyin juya halin Faransa aka rarraba zanen aka kai birnin Kolmar. Yau yana gidan tarihi na Unterlinden, an kafa kowane fanni daban don a ga gaba da bayansa.