Maganin rashin natsuwa na kashe yunwa: yaya za a yi tsoka ta tsira?

A gidajenmu idan mutum ya rame ba a rasa abin faɗi. Wani ya ce zazzaɓi ne, wata ta ce tunani ne, tsohuwa kuma ta ce a nemo rubutu. To amma akwai wata rama da iyayen ƴaƴanmu masu karatu ko zama a Faransa, Kanada da Amurka ke iya gani a waya, yaro yana dariya, karatu yana tafiya daidai, amma wuya ya yi tsawo, riga ta yi masa yawa. Wani lokaci dalilin yana cikin ƙwayar da likita ya rubuta masa da hannunsa.

Larurar da ake ba da wannan magani dominta ita ce wadda likitocin Faransa ke kira TDAH, wato ƙarancin tattara hankali wuri guda, wani lokaci haɗe da rashin iya zama. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100, da manya 2 zuwa 3 cikin 100. Mu nan sau da yawa ƙiriniya muke ce mata, maganinta kuwa bulala, abin da bai taɓa warkar da kowa ba.

Maganin da aka fi sani shi ne metilfenidat, wanda ake sayarwa da sunan Ritaline ko Concerta. Wani masanin haɗa magunguna mai suna Leandro Panizzon ne ya haɗa shi a 1944 a kamfanin Ciba da ke birnin Bal na ƙasar Suwis, ya kuma raɗa masa suna daga sunan matarsa Rita. A Faransa an ba da izinin sa a 1995, kuma ana tsaronsa kamar miyagun ƙwayoyi: takardar likita ba ta wuce ta kwana 28. A Amurka kuma akwai dangin amfetamin, irin su Adderall da Vyvanse.

Waɗannan magunguna suna ƙara yawan wasu sinadarai biyu a ƙwaƙwalwa, dofamin da noradirenalin, waɗanda ke taimaka wa mutum ya tsaya kan aikin da ke gabansa. Sai dai su ɗin ne kuma ke taɓa ɓangaren da ke sanar da mutum cewa ciki ya yi kira. Ƙarfin abin ya kai a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa ba da Vyvanse ga manya masu ciwon cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Wato abin da ke illa ga wani, shi ne waraka ga wani.

Saboda haka mai shan maganin ba ƙyuya yake yi ba idan ya ture kwano da rana. Yunwar ce ba ta zo ba, baki ya bushe, ƙamshin miya ma ba ya motsa shi. Ga yara lamarin ya fi nauyi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan yara 579, wanda ake kira MTA, ya nuna a rahoton 2007 cewa bayan shekara 3 waɗanda suka soma maganin sun gaza waɗanda ba su sha ba da kimanin santimita 2 a tsawo da kilo 2,7 a nauyi. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2018 ta ce a auna tsawon yaro kowane wata 6, a ɗora shi bisa sikeli kowane wata 3 idan bai wuce shekara 10 ba. Babba ma a auna nauyinsa kowane wata 6.

Ga saurayi mai ɗaga ƙarfe, ko ɗan ƙwallo, ko mai aikin ƙarfi, damuwar ita ce tsoka. Jiki idan bai samu abin da yake ƙonawa ba, yakan ci kitsen da ya ajiye, ya kuma taɓa tsokar kanta. Mutum na iya murna ciki ya lafe, alhali ƙwanjin da ya yi shekara yana tarawa ne ke zubewa.

Dabara ta farko ita ce sanin agogon maganin. Ƙwaya mai saurin aiki takan yi awa 3 zuwa 4, mai dogon zango irin Concerta tana kaiwa awa 12. Ke nan akwai ƙofa biyu da yunwa ke buɗewa: da sassafe kafin ƙwaya ta kama jiki, da kuma dare bayan ta saki. Ƙa'idar ta Ingila ma abin da ta faɗa ke nan, a sha maganin tare da abinci ko bayansa, a ƙara wani ci da safe ko da dare. Don haka karin kumallo ya daina zama shayi da guntun burodi, ya koma babban abincin yini, da ƙwai, da madara, da wake in akwai. Da dare kuma idan yunwa ta dawo da ƙarfinta, kada uwa ta hana yaro ƙari wai dare ya yi. Lokacinsa ne ya zo.

Da rana fa? Nan ne aikin yake. Tunda ciki ba zai kira ba, sai agogon waya ya kira, a ci ɗan abu ko da loma biyar ce, kamar yadda ake shan magani ba don daɗi ba. Kuma abin sha ya fi abin taunawa sauƙin wucewa. Turawa na niƙa madara da ayaba da tunkuzar gyaɗa su sa a gora, suna ba abin sunaye iri-iri. Mu da muka tashi da fura da nono sai mu yi murmushi, domin kakanninmu sun riga su. Kofin fura mai kauri da nono mai kyau yana shiga cikin da tuwo ba zai shiga ba.

Sai batun lissafi, wanda muke ganin ya kamata a daɗe a kansa, domin nan ne mutane ke ruɗin kansu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum na buƙatar giram 0,83 na furotin, wato sinadarin gina jiki, ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 70 zai nemi giram 58 ke nan. Amma ga mai motsa jiki da nufin gina tsoka, wani nazari da ya tattara bincike 49, aka buga a 2018, ya gano amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen giram 1,6, wato giram 112 ga wannan mutum. A ido adadin yana da ban tsoro ga wanda ba ya jin yunwa, to amma mu rarraba shi. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6, uku sun ba da 18. Rabin litar madara 16. Gwangwanin sardin wajen 20. Gyaɗa giram 50, abin da bai fi cikin tafi biyu ba, 12. Farantin dafaffen wake 15, tsokar kaza giram 100 kuma ta haura 25. An kusa kai wa ke nan, ba tare da an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Kilishi da cuku da ƙuli-ƙuli, da yake an tsane musu ruwa, ɗan kaɗan ɗinsu na ɗauke da abu mai yawa, ga su kuma ba sa lalacewa a jaka.

Furotin kaɗai ba ya isa idan abincin gaba ɗaya ya yi kaɗan, don jiki zai ƙone shi a matsayin itace maimakon ya yi gini da shi. Cokali ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, kuma ba ya cika ciki. A zuba shi a kan shinkafa da wake ko a cikin kwaɗon zogale. Motsa jiki mai nauyi sau biyu a mako aƙalla shi ke gaya wa jiki cewa ana bukatar tsokar, amma wanda sikeli ke nuna yana raguwa mako bayan mako, gara ya rage gudu mai tsawo har ya farfaɗo. A kula da ruwa, musamman wanda ya zo hutu gida a watan Afrilu. A kuma rage shayi mai ɗaci da kofi, domin suna ƙara bugun zuciya a kan wanda maganin ya riga ya ƙara, su hana barci, alhali cikin barci tsoka ke gyaruwa.

Akwai abin da muke roƙo a guje masa. Kada ganin rama ya sa a nufi ƴan tebur a sayo ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametazon ne, wanda ke kumbura fuska da ciki da ruwa da kitse, yana kuma cinye tsokar hannu da ta cinya, ga hawan jini da ciwon suga a bayansa. Haka nan tramol da ya addabi matasanmu ba shi da wata dangantaka da maganin wannan larura.

Idan duk an gwada ramar ba ta tsaya ba, maganar ta koma wurin likita. Yana iya rage yawan maganin, ya canza nau'insa, ko ya tsara hutu a ƙarshen mako ko lokacin hutun makaranta domin yaro ya cike gurbi. Mai niyyar azumin Ramadan shi ma ya je tun watan Sha'aban a tsara masa lokacin sha. Ƴan wasa kuma su sani cewa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta hana metilfenidat da amfetamin a lokacin gasa, sai ga mai takardar izini ta musamman. Irin wannan izini ne Simone Biles, ƴar wasan tsalle-tsalle ta Amurka, take da shi lokacin da ta ci zinariya 4 a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, kuma da aka fallasa takardunta na lafiya a shekarar, da kanta ta fito ta ce tun tana ƙarama take shan maganin.